Biyar Ɗin Baba

Ku gyara zama, 'yan uwa masu bibiyata. Wasunku sun cika min akwatin saƙo da tambayar ko na rabu da Mai Tabarau ne shi ya sa aka ji ni shiru. Ban rabu da shi ba. Makon jarrabawa ne ya riƙe ni, sai kuma wani abu da ya faru a gidanmu, wanda sai da na bari zuciyata ta kwanta kafin in iya rubuta shi. Sababbin shigowa kuma, bari in ɗan koma muku baya, kamar yadda nake yi wa yaran da suka makara a aji.

Ni malamar firamare ce, aji biyu nake koyarwa. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Auta, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare. Baba direba ne, irin waɗanda ake kira ta manhajar waya su zo har ƙofar gida su ɗauke ka. Mai Tabarau kuma shi ne mutumin da nake so. A shagon gilashin ido yake aiki, yana auna wa mutane ido yana haɗa musu gilashi, kuma shi kansa in ya cire nasa ba ya gane ni daga tsallaken titi. Baba ne ya laƙaba masa wannan suna, kuma ba don ƙauna ba.

Zaɓen shugaban ƙasa ne ya shiga tsakaninsu. Baba mutumin Tsohon Alƙali ne. Lokacin ina ƙarama an taɓa kwashe motocin haya aka kulle su a wani fili, har da ta Baba, wadda da ita muke ci muke sha. Alƙalin nan ne ya yanke hukuncin a mayar wa kowa motarsa. Tun daga lokacin hotonsa ke rataye a falonmu, sama da talabijin, kusa da agogon da ya daina tafiya. Mai Tabarau kuwa yana bayan Likita, wanda ya buɗe asibitin idon da aka yi wa mahaifiyarsa aiki ta koma gani. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba, Baba ya tambaye shi kai tsaye, shi ma ya amsa kai tsaye. Bayan ya tafi Baba ya ce ba zai haɗa zuri'a da wanda ba ya ganin girman Alƙali ba. Mama ta yi roƙo har ta gaji. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, sai ta samu ƙofa: kusan kullum sai ta turo min hoton ɗan mijinta mai shagon tayil, ya jingina da mota, ta rubuta a ƙasa, “Duba ki ga kamala.”

Akwai abu guda da ya kamata ku sani game da Baba, don a kansa komai ya rataya. Rayuwarsa a kan taurari take. Duk fasinjan da ya sauke, manhajar kan tambaye shi tauraro nawa zai ba direba, daga ɗaya zuwa biyar. Biyar ita ce yabo, ɗaya kuwa zagi ne, in ta yi yawa ma rufe wa mutum aiki ake yi. Da yamma in ya dawo, kafin ya cire takalmi sai ya zauna a kujerar bakin ƙofa ya duba taurarinsa. Ranar da wani ya ba shi ɗaya don na'urar sanyaya motar ta lalace, ko shayi bai sha ba. Abin har ya shiga bakinsa. In Mama ta yi girki mai daɗi sai ya ce, “Yau biyar ce.” In Auta ta share falo sai ya leƙa bayan kujera ya ce, “Biyu, ita ma da alfarma.”

To, ana cikin haka wani shafin labarai ya buɗe zaɓen gwaji a intanet. Ba zaɓen gaskiya ba ne, jin ra'ayin jama'a ne kawai. Fuskokin 'yan takara biyar ne a jere, kusa da kowace akwai gurbin da za ka sa lamba, daga ɗaya zuwa biyar. In ka gama sai shafin ya haɗa maka kati mai ɗauke da fuskokin da lambobin da ka ba su, ka ɗora a sitatus kowa ya gani. Gari ya ɗauka. A ɗakin malamai ma ba a wata hira sai ita.

Ranar Litinin da yamma ina zaune a ƙasan ɗakinmu, sanye da tsohuwar doguwar rigata mai ruwan toka wadda Auta ke kira rigar maki, takardun jarrabawa sun kewaye ni, sai na ji Baba ya shigo yana fito. Baba ba ya fito sai ranar da wani abu ya yi masa daɗi ƙwarai.

“Malama! Ina Malama?”

Na yafa mayafi na fito. Ga ledar lemo a hannunsa ɗaya, ga waya a ɗayan. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

“Yaron nan naki,” ya ce, “ashe yana jin magana.”

“Wane yaro, Baba?”

“Yara nawa gare ki? Mai Tabarau mana. Na ga katinsa a sitatus. Allah ya shirye shi, ya gane gaskiya.” Ya ɗaga min wayar ya sauke kafin in ga komai. “Ni dama ba ƙin sa nake ba, taurin kansa nake ƙi. Ki ce masa manyansa su zo ranar Asabar.”

Jama'a, ban san lokacin da na durƙusa ba. Mama ta saki ludayin a ƙasa, ta kama gefen zanenta tana share ido, tana ta “Alhamdu lillahi”. Auta ta ƙwace ledar lemon ta shiga zagaye falo da ita a kai. Ni kuwa na koma ɗaki, na rubuta wa Mai Tabarau:

“Me ka yi wa Baba?”

“Ni? Rabona da shi tun ranar da ya ƙi amsa gaisuwata a gidan mai. Lafiya?”

“Ya ce manyanka su zo Asabar.”

Ya turo alamar tambaya har layi biyu, sannan ya kira, na ji yana haki kamar ya yi gudu. Muka yi ta dariya kamar yara. Sai bayan na ajiye wayar na ce bari in ga katin nan mai albarka. Na buɗe sitatus ɗinsa. Likita, ɗaya. Tsohon Alƙali, biyar.

Na tsaya ina kallon katin. A daidai lokacin saƙo ya shigo guruf ɗin gidanmu, wanda yawancin mutanen cikinsa tsofaffi ne masu tura addu'ar safiya. Baba ne ya ɗora nasa katin. Tsohon Alƙali, biyar. Likita, ɗaya. A ƙasa ga saƙon murya:

“Assalamu alaikum, dangi. Ga nawa nan. Alƙali biyar cif, wancan kuwa ɗaya, ita ma don babu sifili ne. Duk direbobin da muke zama a inuwar babban kanti na koya musu, kowa ya yi. Ranar Juma'a mutanen Alƙali za su zo taronmu, ni zan miƙe in nuna musu katunanmu gaba ɗaya. A taya mu da addu'a.”

Gwaggo ta turo alamar tafi har guda shida.

Ni da na kwana biyu ina jera yara, wannan ya zo na ɗaya, wannan na biyu, ba sai an yi min bayani ba. A saman shafin an rubuta da ƙananan haruffa cewa ka sa ɗaya ga wanda ka fi so, biyar ga na ƙarshe. Baba ba ya ganin ƙananan haruffa, kuma tun da Mai Tabarau ya shigo rayuwarmu ya haramta wa kansa maganar gilashi. Ya ga ɗaya zuwa biyar, ya yi abin da ya saba. Da hannunsa ya ɗora Likita a sama, ya jefa Alƙalinsa a ƙarshe, ya kuma ja abokan aikinsa suka bi shi. Yardar da ya ba ni ma a kan wannan kuskuren take tsaye.

Na nuna wa Auta. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta faɗa kan gado ta cusa fuskarta a matashi, kafaɗunta na girgiza.

“Wayyo cikina! Baba ya koma ɗan Likita bai sani ba!”

“Rufe min baki, zai ji ki.”

Ta tashi zaune tana share hawaye. “Yaya, don Allah kada ki yi mana halin malamai. Ki yi shiru. Asabar ta wuce tukuna, in manya sun zauna sun yi magana ai ba ya janyewa.”

“Juma'a tana gaban Asabar, Auta. Mutanen Alƙali sun iya karatu. Zai miƙe a gabansu da katunan nan.”

“To sai su ɗan yi dariya, shi ke nan.”

“Baba za su yi wa dariyar.”

Ta shiga ɓare lemo.

Washegari lokacin hutun tara, yara na wasa a fili, na tsaya bayan aji kusa da tankin ruwa na kira Mai Tabarau na faɗa masa komai. Da farko ya yi dariya har ya shaƙe. Daga baya dariyar ta mutu.

“Kin san in ya gane, babu Asabar.”

“Na sani.”

“Kuma ba na biyu ko na uku na sa Alƙalin ba, da sai a samu abin lallashi. Ƙarshe na sa shi.”

“Na gani da idona. Kai ma ka cika zafin hannu.”

“Ke me kike so?”

“Ina son Asabar,” na ce. “Kuma ba na son a yi wa mahaifina dariya a gaban mutane. Duka biyun nake so.”

Ina jin wani a shagon yana tambayar ko gilashinsa ya iso. Sannan ya ce, “Yaushe za a rufe shafin?”

“Alhamis da yamma. Kafin nan ana iya canzawa. Ka bar min, ni zan gaya masa. Ni ce 'yarsa.”

Na yi niyya, Allah ya sani. Ranar da yamma na haɗa wa Baba shayi yadda yake so, madara kaɗan, sukari cokali ɗaya, na kai masa falo na shirya kalmomina tsaf kamar darasi. Sai na tarar ya shimfiɗa bargo a kan tebur yana goge farar rigarsa mai aiki a wuya, wadda ba ya sawa sai babbar rana. Baba da kansa yake guga, bai yarda Mama ta taɓa ba.

“Malama, zo ki duba min. Wannan hular ko waccan? Kada dangin mijinki su raina mu.”

Dangin mijinki. Na nuna masa mai ruwan ƙasa, na ajiye shayin, na fita. Laraba ma haka. Ya rataye rigar a bayan ƙofar falo cikin ledar wanki, duk wucewar da zan yi sai na ji kamar kallona take. Na samu Mama a kicin na faɗa mata. Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce, “Ni ban san ɗaya ba, ban san biyar ba. Abin da na sani, rabon da in ji mahaifinku yana fito an daɗe. Amma ke ce mai ilimi, ki yi abin da za ki iya kallon idonsa bayansa.”

Alhamis ta zo ban faɗa ba. Da safe na rubuta wa Mai Tabarau, “Na kasa.” Ya amsa da kalma ɗaya: “To.”

Baba kan biyo ta makarantarmu in an tashi, idan aiki ya kawo shi kusa. Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar takardu, sanye da shuɗin hijabina na aiki wanda alli ya ɓata wa gefe, sai ga motarsa. Abin da na fara lura da shi, rediyo a kashe. Baba ba ya kashe rediyo. Na buɗe gaba zan shiga, sai na ga mutum a baya, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa kamar ɗan aji ɗaya. Mai Tabarau.

Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Da safen ya sauke manhajar a wayarsa, ya nemi izini a wurin aiki, ya je kusa da babban kanti ya yi ta kiran mota. In wani direban ya fito sai ya ba shi haƙuri ya soke, har sunan Baba ya bayyana. Ya ce yana son wurin da ƙofa za ta kasance a rufe, babu mai ji sai su biyu.

“Shiga,” Baba ya ce.

Muka kama hanya. Ya sauka daga babban titi, ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya kusa da shagon mai faci, ya ja birkin hannu.

“Malama. A ajinki, yaron da ya zo na ɗaya da wanda ya zo na biyar, wa ake ba kyauta?”

“Na ɗaya, Baba.”

“Na ɗaya.” Ya gyaɗa kai a hankali. “Wannan fasinjan ya ce da ni wai ni Likita na zaɓa. Ya ce kuma shi bai tuba ba, Alƙali ƙarshe ya sa shi. A cikin motata ya faɗa min. Da bakinsa.”

“Gaskiya ne, Baba.”

“Kin sani?”

“Tun ranar Litinin.”

“Kika yi shiru.”

“Na zo zan faɗa, sai na tarar kana guga.”

Daga kujerar baya Mai Tabarau ya ce, “Baba, laifin ba nata…”

“Kai, fasinja ba ya sa baki a maganar gida.”

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ɗauka faɗa zai yi, har na shirya masa, amma da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

“Gobe da na miƙe. Da hotuna a hannuna. A gaban mutanen Alƙali.”

Wallahi faɗan ya fi min sauƙi da wannan. Na jawo wayarsa daga inda yake maƙala ta, na ce, “Baba, ba a rufe ba tukuna, sai yamma. Ana gyarawa. Kuma ba kai kaɗai ba ne, ko a makarantarmu akwai malamin da ya yi haka.” Ba ƙarya na yi ba, malamin motsa jiki ne.

Na buɗe shafin na miƙa masa. Ban danna masa ba, don na sani daga aji cewa abin da mutum ya gyara da hannunsa ya fi zama masa. Na nuna masa layin da ke sama. Ya nesanta wayar, ya matso da ita, ya ƙanƙance ido. Sai ga hannu ya zuro daga baya a hankali ta tsakanin kujeru, riƙe da gilashin karatu mai baƙin firam. Baba ya yi kamar bai gani ba. Hannun ya tsaya a nan har na fara jin tausayinsa. Can Baba ya karɓa ba tare da ya waiwaya ba.

“Aro ne,” ya ce.

Ya sa, ya karanta layin da ƙarfi, kalma bayan kalma. Ya ja tsaki. “To me ya hana su rubuta shi da girma? Mutanen banza.” Ya goge biyar ɗin, ya sa wa Alƙali ɗaya, yana yi yana ɓata fuska kamar mai shan magani. “Ka yafe ni, ranka ya daɗe, wai nan yabo ne.”

Daga nan bai tambayi kowa ba ya tayar da mota sai inuwar babban kanti. Direbobi na zazzaune a kan benci, wasu na cin abinci, wasu na goge gilashin mota. Na ɗauka zai bi su ɗaya bayan ɗaya a asirce. Ina! Tsakiya ya tsaya ya tafa hannu.

“Jama'a, na ɗauke ku na bi da ku hanyar da ba ta ɓullewa. A juya. Abin nan ba tauraro ba ne, jerin 'yan makaranta ne. Duk wanda ya bi ni, Likita ya zaɓa.”

Wurin ya fashe da dariya. Wani dattijo da suke kira Tsohon Soja ya riƙe ciki yana cewa, “Shugaban yaƙi ya harbi nasa!” Baba ya tsaya ya sha dariyar, har shi ma gefen bakinsa ya motsa. Dariyar abokai ce, a inuwarsu, ba baƙo ko ɗaya. Aka shiga miƙo wayoyi. Ni na karɓi wasu, Mai Tabarau ya naɗe hannun riga ya karɓi wasu, muna nuna wa kowa inda zai danna.

“Wannan kuma wane ne?” Tsohon Soja ya tambaya.

“Fasinja ne,” in ji Baba.

“Ai na san shi,” wani ya ce. “Mai shagon gilashi ne, ɗan Likita ne na gaske. Kai, yaro, da hannunka kake zubar wa mutuminka ƙuri'a?”

“Ƙuri'arku ce, ba tasa ba,” in ji Mai Tabarau.

“To kawo taka wayar mu gyara maka kai ma.”

“A'a, tawa daidai take.”

Aka sake fashewa. Na saci kallon Baba. Ya ji sarai, ya kau da kai. Wani mai jar mota kuwa, da aka zo kansa sai ya tura wayarsa aljihu ya ce shi a bar masa tasa yadda take, tun ranar ya gane, ya ga dai abin ya yi masa daidai ne. Baba ya nuna shi da yatsa ya ce, “Kai da ni za mu haɗu.”

Muka sauke Mai Tabarau a ƙofar shagonsu. Baba ya karɓi kuɗin motarsa cif, bai rage masa komai ba. Bai ce masa sai an jima ba, bai ambaci Asabar ba. Har muka isa gida rediyo a kashe.

Ina shiga na duba bayan ƙofar falo. Rigar tana nan, amma wannan ba ya nufin komai, Baba ba ya gaggawar sauke abu. Auta ta tare ni da ido, na girgiza mata kai. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ko hijabi ban cire ba. Waya ta yi ƙara, na zabura, ashe Gwaggo ce da sabon hoton mai tayil, wannan karon a kan kujerar ofis. Na kifa wayar. A raina na ce, shi ke nan, an tsare wa Baba mutuncinsa, ni kuma na rasa Asabar, kuma ko yanzu aka ce in sake zaɓa ban san me zan canza ba.

Bayan magariba wayar ta sake ƙara. Mai Tabarau ne, hoto ya turo. Ashe ba fasinja kaɗai ke ba direba tauraro ba, direba ma yana ba fasinja. Shi kuma tafiyarsa ta farko ke nan a manhajar, don haka duk abin da ya fito a ƙarƙashin sunansa daga hannun mutum ɗaya ya fito. Taurari biyar, jere, cike. A ƙasa ya rubuta:

“Malama, wannan da lissafin wa ake karanta shi, naki ko na Baba?”

Na ajiye wayar. Na fito falo. Baba na tsaye gaban talabijin da gilashin aron a fuskarsa, ya ɗaga kai yana kallon hoton Alƙali.

“Ashe ya tsufa haka,” ya ce, kamar da kansa yake.

Na durƙusa kusa da kujerarsa. “Baba, na gode.”

“Da aka yi me? Fasinja ne mai kyau, bai buga min ƙofa ba.” Ya zauna, ya ɗauki shayinsa. “Yaron nan da ya yi shiru da ya samu mata, mutuminsa kuma ya samu ƙuri'u. Ya zo ya zubar da duka biyun a motata.” Ya kurɓa. “Ki faɗa masa ra'ayinsa na siyasa ɗaya na ba shi, ɗaya irin tawa. Kuma ranar Asabar kada ya bar manyansa su hau motar kowa. Ni zan je in ɗauko su.”

Mama, da ashe tana laɓe a ƙofar kicin, ta ce, “Yau kam biyar ce.” Baba ya ce mata ba a tambaye ta ba.

Yau Juma'a nake rubuta muku wannan. An yi taron direbobi, Baba ya miƙe ya nuna katunansu, an tafa masa, ya dawo yana fito. Na daɗe ina tunanin wa zan fi gode wa, mutumin da ya shiga motar nan ya san abin da zai iya rasawa, ko mutumin da ya tsaya tsakiyar abokansa ya ce na ɓatar da ku. Na kasa jera su. Ni da aikina ke nan, wannan karon na ajiye jan biro.

Sai dai ɗazu, ina cikin goge mayafin da zan yafa gobe, saƙo ya shigo. Na ga Mai Tabarau yana rubutawa yana gogewa, yana rubutawa yana gogewa, kafin ya turo:

“Akwai 'yar matsala. Babban kawuna ne zai zauna a gaba kusa da Baba. Shi ne shugaban magoya bayan Likita na unguwarmu, ba ya fita sai da hula mai hotonsa, kuma ba ya iya yin shiru a mota.”

Na karanta wa Auta. Ta ajiye tsintsiya, ta dafa kafaɗata.

“Yaya,” ta ce, “ki roƙar min Baba. Ko a but ɗin motar ne zan zauna.”